Shekarar da Hannuna Ya Dawo

Na san kun sha jin labarin nan a bakin dangi, kowa da yadda yake juya shi. Wasu sun gaya muku ubanku ya bar kasuwa a Guangzhou ya koma wasan kifi da wani tsohon ɗan China. Wasu sun ce na raina Baffanku Sale, ya tako takanas tun daga Yawuri na ƙi bin sa. To, ga shi daga bakin mai abin, tun ina da sauran ƙarfin faɗa. Gaskiya ne na ƙi bin sa, kuma da za a maimaita, zan sake ƙi. Amma raini babu shi a ciki ko kaɗan.

Mu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. Ni dai na buɗe ido na ga taru a shanye a ƙofar gida da ƙarnin kifi a jikin kowa. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya Sale ne ya riƙe ni, shi ya koya mini iyo da tuƙin jirgi, shi ya yi mini aure. Shi ya zauna a kan ruwa har ya zama babban mai fataucin busasshen kifi, ni kuwa ƙafa ta ja ni Kano, daga Kano ta kai ni Guangzhou, inda nake sayen tufafi a kasuwannin Shahe da Canaan ina aika wa 'yan kasuwarmu. Duk tsawon rayuwata Yaya bai taɓa cewa in zauna na miƙe ba. Ku riƙe wannan, don ku san nauyin abin da ya biyo baya.

Ciwon ya same ni ne da hantsi a Shahe. Na ɗaga wata riga ina duba ɗinkinta, sai na ga ta faɗi ƙasa, ni kuwa ban sake ta ba. Na sunkuya in ɗauka, sai ni ma na bi ta. Likitoci suka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikina na dama. Allah ya sauƙaƙa, baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan a rataye kamar na aro, yatsu a lanƙwashe, ko cokali ba ya riƙewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Juma'a. Idan aka sauko daga Masallacin Huaisheng mukan taru da mutanen Kano da na Maraɗi mu ci abinci a faranti ɗaya. Ni da nake dattijo a cikinsu, ta yaya zan sa hannun hagu a tuwon mutane? Na daina zuwa. Da an yi sallama sai in sulale in nufi gida, in zauna ina kallon bango, ina jin haushin kowa har da mahaifiyarku, wadda ba ta yi mini komai ba sai hidima.

Ita ce ta kira Yaya, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Ta ga mijinta yana narkewa a kan kujera. Da ta miƙo mini wayar, muryarsa ta cika ɗakin:

"Ummaru, na ji komi. Da an gama man takarda ina nan tahe. Ka haɗa kayanka. Ba mu barin ka ka lalace ƙasar da ba ka da kowa."

Na ce to, domin bakina bai san wata amsa ba. Amma na san abin da komawar take nufi, don na ga yadda ake yi wa irina a gida. Za a shimfiɗa mini tabarma a zaure, masu wucewa su riƙa leƙowa suna cewa sannu Alhaji, ya jiki. Za a karɓe harkar da na gina a ba wani, a daina shawara da ni ko a kan auren 'ya'yana. Mutum yana da rai a fara yi masa magana a hankali kamar wanda ake lallashi. Wallahi na fi tsoron wannan tabarmar fiye da kabari.

Likita ya ce in riƙa tafiya kowace safiya, saboda haka nakan ja ƙafa zuwa wani lambu kusa da gidanmu. A nan na fara ganin Lao Chen, wani tsoho siriri mai farin gashi, tsaye a kan ciyawa da doguwar sanda mai laushi, yana kaɗa igiya a sama, gaba da baya, sannan ya shimfiɗa ta a ƙasa. Babu ruwa a wurin, ko kwata babu. Na yi kwanaki ina kallonsa ina cewa a raina kowace ƙasa da irin mahaukatanta. Ranar da na kasa haƙuri, na matsa na tambaye shi da Sinancin kasuwa da na iya.

"Lawban," wato maigida, "kifi nawa ka kama yau a ciyawar?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Meyo. Babu ko ɗaya. Hannu nake koya wa, kada ya manta kafin bazara."

Ya nuna mini ƙarshen igiyar. Wani zare ne mai kama da ruwa, a bakinsa ga 'yar ƙugiya an yi mata riga da gashin tsuntsu, ta fito sak ƙwaro. Babu tana, babu dusa, babu abincin komai. Ya ce igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi kan ruwa ya sauka a hankali, kifi ya zaci na gaske ne ya taso ya haɗiye. Jinin Sarkawa ya motsa mini. Na ce masa a garinmu ko yaro ba zai yarda kifi wawa ne haka ba. Ya dubi hannuna da ke rataye, bai yi mini sannu ba, bai sunkuyar da kai ba. Sai kawai ya cusa mini sandar a cikin yatsun, ya naɗe su a kanta da nasa hannun. Sandar ta faɗi. Ya ɗauka ya mayar. Ta sake faɗi. Ya ce man-man, wato a hankali, gobe ma rana ce.

Haka muka fara. Da safe jifa a kan ciyawa, da yamma ɗaurin ƙwaro a teburin gidansa. Ɗaurin nan shi ne azaba. Ƙugiya ƙanƙanuwa, zare siriri, ga yatsu masu gardama. Sau da yawa na yi gumi sharkaf a kan ƙwaro ɗaya, ya fito kamar abin da kaza ta taka. Na sa wani ɗan Maraɗi ya taho mini da gashin zabo daga gida, Lao Chen ya gan shi ya rikice, ya ce bai taɓa samun mai ɗigo-ɗigo mai kyau irinsa ba. Mahaifiyarku kuwa kullum tana sharar gashi a ƙarƙashin kujera tana mita.

"Alhaji, mutane suna jinya da addu'a da magani, kai kana jinya da figar zabo?"

Abokina Alhaji Bashir na Kano ya fi ta tsiya. Duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Sarkin Ruwan ciyawa! Yaushe za mu sha romon?" Ban kula su ba, domin ni na san abin da nake ji. Wata safiya na farka na ga babban yatsana ya taɓa ɗan manuni da kansa, ba tare da na kama shi da hagu ba. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi kuka.

Da bazara ta kama, Lao Chen ya fara fita da ni a motarsa zuwa duwatsun da ke arewacin birnin. Kafin mu fita ta farko ya kafa mini sharaɗi guda: ƙananan kifi na iya tafiya gida, amma babba, in an kama, a ruwa za a mayar da shi, domin manyan ne ke haihuwa, kuma sun yi ƙaranci a ƙoramun nan. Na yi masa alkawari da sauri, don ban zaci zan taɓa kama babban ba. Bazarar can ba irin tamu ba ce. Zafi da ruwan sama tare suke zuwa, iska ta yi nauyi, mutum yana tsaye yana jiƙewa. Ya koya mini cewa kafin jifa sai an tsoma hannu. Idan ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, a naɗe igiya a koma, kifi ba zai ci ba, in ma ya ci wahalar ja za ta kashe shi. A tafki, da rana ta ɗaga kifin ya nutse ƙasa, sai dai a same shi da sassafe a gefen ciyayi. Kogi kuwa da an yi ruwa mai ƙarfi ya koma kunu, sai ya yi kwanaki kafin ya washe. Ƙoramar kan dutse ce ke riƙe sanyinta, ita ce kuma take fara washewa. A can ne ake samun wanda suke kira kifin soja, mai manyan ɓawo da faɗin baya, wanda ke kwanciya a inuwa inda farin ruwa ke zubowa cikin gurbi.

Na kama ƙanana, irin waɗanda a Yawuri kyanwa ake jefa wa. Sau ɗaya babba ya ci, ya fizga, yatsuna suka buɗe, sanda ta bi ruwa, sai da Lao Chen ya shiga har ƙugu ya kamo ta.  A makon ne kuma Yaya ya sauka.

Ya shigo da babbar rigarsa da ƙaton hannunsa mai kanta, ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba. Bayan ya ci abinci sai idonsa ya kai kan akwatin ƙwarina. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Wanga mi na na?"

Na yi masa bayani. Ya dubi mahaifiyarku, ya dube ni.

"Kai ɗan Sarkawa, da gashin zabo za ka kama kihi? Ashe ciwon ba hannu kaɗai ya tsaya ba. Gata bayan Juma'a muna tahiya."

Na ce, "Yaya, ban taɓa musa maka ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka bi mu dutse rana guda. Idan hannun nan ya kasa fitar da babban kifi a gabanka, ni da kaina zan ɗauki jakata in bi ka, ba za ka ƙara jin bakina ba. Idan ya fitar, ka bar ni in ci gaba da riƙe gidana."

Ya kalli hannun. Na san abin da yake gani: yatsu sirara, suna ɗan rawa. Ya ce ya yarda, kuma na ga tausayi a fuskarsa, irin na wanda ya san ya riga ya ci.

Washegari sama ta ɓalle. Guguwar teku ta taɓo gari, aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lao Chen ya kira ni ya ce a ɗaga fitar zuwa mako mai zuwa, ruwa duk ya lalace. Na ce masa ba ni da mako mai zuwa, gobe kaɗai gare ni. Ya ce to sai dai mu hau can sama, inda mota ba ta kaiwa. Muka yi sallar asuba ni da Yaya muka fita. A hanya muka wuce kogi, ja wur, yana ɗauke da rassan itace. Yaya ya leƙa ta taga ya ce ko da taru ba ya shiga wannan. Muka bar mota muka kama hawa a cikin gora da duwatsu masu santsi, ni da ƙafa mai ja, Yaya da babbar riga ya tattare ta a kafaɗa yana haki yana faɗin abin da ya ga dama a kan mutanen da ke hawa dutse neman kifi. Da muka kai, ruwan bai gama washewa ba, amma ana iya hango duwatsun ƙasa. Na tsoma hannu na ji sanyi har cikin ƙashi.

Na yi ta jifa har hantsi ya ɗaga, ko motsi babu. Na canza ƙwaro, na canza wuri, kafaɗata ta fara ciwo. Yaya yana zaune a kan dutse yana jan carbi. Can rana ta ɓullo ta bugi jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga shinge, ƙwaron nan mai fiffike, yana tashi daga gindin itatuwa, yana faɗawa kan ruwa. Kafin ni ko Lao Chen mu yi magana, Yaya ya miƙe tsaye. Masunci ne, ba zai iya ganin wannan ya yi shiru ba, ko da kuwa a kan asararsa ne.

"Kai, Ummaru! Ba ka gani? Ga kihi can ƙarƙashin reshe, ya taso sau biyu. Kana da mai kama da shinge cikin tarkacen naka?"

Ina da shi, na gashin zabo, ɗaurin hannuna. Na ɗaura shi da yatsun dama, a hankali, Yaya yana tsaye a kaina yana kallo. Jifa ta farko ta kama ganye. Ta biyu ta sauka sama da reshen, ƙwaron ya taho yana lilo a kan ruwa, ya shiga inuwa. Sai ruwan ya buɗe.

Ban san yadda zan kwatanta muku fizgar nan ba. Sanda ta lanƙwashe, igiya ta yi ta fita tana ƙona mini yatsu, na ji hannun yana so ya buɗe kamar wancan karon. Na ce ya Allah, yau dai kam a'a. Na damƙe. Kifin ya nufi ƙasan dutse, na juya shi. Ya yi ƙasa da gudu, na bi shi ina tuntuɓe a cikin ruwa. Lao Chen yana ta man-man, man-man, Yaya kuwa ya manta a wane ɓangare yake, yana ihu da duk ƙarfinsa:

"Ɗaga sanda! Kak ka ba shi dutse! Riƙe shi, ɗan'uwana, riƙe shi!"

Da kifin ya gaji ya juyo gefe, sai na ji tsulum. Yaya ne ya faɗa ruwa da babbar rigarsa, ko komar Lao Chen bai jira ba, ya sa hannu biyu ya cafko shi. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ɓawonsa yana walƙiya. Yaya ya ɗaga shi sama yana kabbara, ruwa na zuba daga gemunsa, yana dariya, hawaye na bin kuncinsa. Ni ma haka. Har yanzu sandar tana cikin hannuna na dama, sai da na sa hagu na ɓamɓare yatsun daga jikinta.

Sai Yaya ya fara neman inda zai ɗaura shi, yana cewa yau Hajiya, wato mahaifiyarku, za ta yi mana romon da ba a taɓa yi ba. Lao Chen ya kau da kai yana kallon itatuwa, bai tuna mini komai ba. Na matsa na ce, "Yaya, ba ni shi." Ya miƙo mini yana zaton so nake in ji nauyinsa. Na zare ƙugiyar, na sunkuya, na riƙe kifin a cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, har na ji ƙarfi ya dawo masa. Sannan na buɗe hannu da kaina, ya tafi.

Yaya ya daɗe baki buɗe. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an mayar da kifi ruwa da gangan ba.

"Ka sake shi? Arzikin da Allah ya ba ka, ka maida? Na jiƙa rigata banza?"

Na ce alkawari na yi wa mutumin da ya tsaya mini. Ya ce a gidanmu ba a taɓa yin wannan abin kunya ba, kuma har muka sauko daga dutsen, har muka iso gida, bai ƙara yi mini magana ba. Amma da mahaifiyarku ta tare mu a ƙofa tana duban hannuwanmu babu komai, shi ya amsa mata. Ya ce, "Hajiya, kwance kayan. Hannunshi ya warke sarai. Kan ne dai sai addu'a."

Ranar Juma'a na shiga tsakiyar mutane na zauna, na sa hannun dama a faranti, na yanko loma. Alhaji Bashir ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, Yaya ya riga shi, ya ba su labarin kifin tun daga farko, kuma a bakinsa kifin ya kusa kai girman ɗan maraƙi. Ban taɓa jin daɗin tuwo irin na ranar ba.

Zaman da na zaɓa ya ba ni shekaru masu albarka. A cikinsu na ga karatunku, na aurar da ku da bakina, ba wanda ya yanke mini shawara a kan gidana. Amma ba kyauta na same shi ba. Lokacin da ajalin Yaya ya zo ina Guangzhou, kafin in sauka an riga an kai shi. Da na bi shi a wancan karon, da ni zan riƙe kansa. Wannan yana ci mini rai har gobe, kuma na ɗauke shi a matsayin kuɗin abin da na saya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce muku mun rabu da fushi.

Ni na raka shi filin jirgi. Da aka zo sallama ya miƙo hannu, na ba shi na dama. Sai ya matse, irin matsar masunta da yake yi mini tun ina yaro, yana kallon idona, yana son ya tabbatar da kansa karo na ƙarshe. Na matse nasa ni ma, da duk abin da Allah ya mayar mini. Muka tsaya haka mutane suna ratsa mu da jakunkuna, babu wanda ya sassauta. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ya yi murmushi ya ce:

"To, Ummaru, ya isa. Kihi ma ka sake shi, ni ba ka saki na in tai gida?"